Kafin Wata Annobar Ta Sake Kulle Asibiti, Mu Tashi Don Masu Lalurar Laka

 Maganar da nake tafe da ita ta wasu 'yan'uwanmu ce da annobar korona ta yi wa mummunar ɓarna, da yawansu kuwa cutar ko shiga jikinsu ba ta yi ba. Masu lalurar laka nake nufi: direban da mota ta ƙwace wa ta wuntsila, ɗan acaɓan da tirela ta banke, manomin da ya faɗo daga kan giginya, yaron da ramin ƙasa ya rufta da shi, matar da harsashin 'yan bindiga ya samu a gadon baya. Ƙashin baya ya karye ko ya goce, lakar da ke cikinsa ta ji rauni, ƙafafu suka mutu, wasu har da hannaye. Akwai kuma waɗanda babu hatsarin da ya same su, tarin fuka ne ya cinye musu ƙashin bayan sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 15 ne ke rayuwa da wannan lalura a faɗin duniya. Da wuya ka shiga unguwa a ƙasar Hausa ka rasa ɗaya. In kana ganin taku babu, ƙara bincikawa. Ba a ganinsu a majalisa ne, ba a ganinsu wajen suna ko ɗaurin aure, shi ya sa.

Mu tuna yadda abin ya faru. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta zama annobar da ta game duniya. Kafin watan ya ƙare an ayyana kulle a Legas da Ogun da Abuja, a Nijar kuma aka killace Yamai daga sauran garuruwa. Kano ta samu nata mai cutar na farko ranar 11 ga Afrilu, ranar 16 gwamnatin jiha ta sa dokar kulle, ranar 27 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara mata makonni biyu na ba shiga ba fita. Aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Ga azumi ya kama, ga zafin bazara. Asibitoci masu zaman kansu da dama suka ja ƙofa don tsoro da rashin kayan kariya, manyan kuma suka rage ganin marasa lafiya na yau da kullum, suka ɗage duk aikin da aka ce ba na gaggawa ba ne. A makonnin nan ne masu haƙar kabari suka fara kokawa cewa gawa ta yi yawa. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa da hannun korona a ciki, kuma fiye da rabin mamatan a gida suka cika.

To sauran fa, me ya kashe su? Kowane dare a wancan lokacin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, tana fitar da alƙaluma: waɗanda suka kamu, waɗanda aka sallama, waɗanda suka mutu. A cikin jadawalin nan babu gurbin wanda robar fitsarinsa ta toshe aka rasa mai canza masa, babu na wanda gyambo ya ci har ƙashi. Irin wannan in ya rasu sai dai a ce ai dama ya daɗe a kwance, Allah ya ji ƙansa, a tashi daga zaman makoki. Ajali gaskiya ne, babu musu. Amma ajali yana da sanadi, kuma sanadin da ke hannunmu za a tambaye mu a kansa.

Yawancinmu abin da muka sani game da mai lalurar laka shi ne ba ya tafiya. Rashin tafiyar kuwa ba shi ke kisa ba. Laka ita ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki, don haka in ta yanke, mafitsara ma takan daina jin ta cika, ta daina saki yadda ya kamata. Wasu robar fitsari ake bar musu a jiki, a canza ta bayan 'yan makonni. Wasu kuma an koya musu su zura roba da kansu, su zubar, su cire, duk bayan awa 4 zuwa 6, dare da rana. Robar da ta wuce lokacinta takan toshe, ƙwayoyin cuta su hau har ƙoda, daga nan su shiga jini. Ga wanda rauninsa ke daidai tsakiyar ƙirji ko sama da haka, akwai wani haɗarin da ko wasu ma'aikatan lafiya ba su saba gani ba: mafitsara ta cika kawai, ko bayan gida ya taurare, sai jininsa ya hau cikin mintoci kaɗan, kansa ya riƙa sarawa, gumi ya keto masa a fuska. In ba a zaunar da shi tsaye an sassauta masa tufafi an buɗe wa fitsarin hanya ba, abin na iya kai shi ga jijjiga, ko fashewar jijiyar ƙwaƙwalwa, ko mutuwa. Robar da za ta hana wannan duka kuwa ba wani abin a zo a gani ba ce a kemis. Samun ta a kan lokaci, da samun hannun da ya iya sa ta cikin tsabta, shi ne maganar.

Sai fata. Kai mai lafiya kana juyawa cikin barci ba tare da ka sani ba, domin da wuri ya danne fatarka za ta kai ƙara. Tasa fatar ba ta iya kai ƙara. Inda ƙashi ya danne nama a kan katifa ko kujera, wato ƙugu da ɗuwawu da kwatangwalo da dunduniya, jini yakan daina gudana. Da fari wani ɗan tabo ne mai duhu da ba ya washewa. In ba a ɗauke masa nauyi ba, cikin kwanaki ya buɗe, cikin makonni ya zama rami. Gyambon kwanciya ke nan. Awoyi kaɗan sun isa ya fara, warkewarsa kuwa sai a shafe watanni, wani ma sai an yi tiyata an yanko nama daga wani wuri an rufe. Irin wannan tiyatar tana cikin waɗanda ake fara ɗagewa da zarar annoba ta shigo. Kada wani ya ɗauka ciwon talaka ne kaɗai. Christopher Reeve, tauraron finafinan Amurka da ya fito a matsayin Superman, ya faɗo daga kan doki a 1995 ya karya wuya. Yana da kuɗi, yana da ma'aikatan jinya dare da rana, amma lokacin da ya rasu a 2004 jinyar gyambon kwanciya da ya ruɓe ake yi masa. In haka ta samu wannan, ina ga wanda ke kwance kan tabarma a ɗakin kwano, cikin zafin Afrilu, jikinsa daga inda raunin yake zuwa ƙasa ba ya iya fitar da gumi ya huce?

Yanzu ku ɗora kulle a kan wannan. A ce mutum yana Gwarzo ko Ringim ko Malumfashi, ranar ganin likitansa a Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ta zo. Babu motar haya. In an samu shata, kuɗin ya ninka, ga shingaye a hanya, kowane shinge sai an yi bayani, wani sai an yi abin da ya fi bayani. In daga wata jihar yake, iyaka a rufe take. Lokacin da aka ɗan sassauta a Kano, Litinin da Alhamis aka ware, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, kuma a cikin awoyin nan shida ne duk gari ke rububin kasuwa da banki da kemis. Mai ƙafa ma da ƙyar, balle wanda sai an cicciɓe shi an sa a adaidaita sahu. Sashen gashin ƙashi kuwa, inda likitan fisiyo ke miƙe masa gaɓoɓi kada su ƙage, aiki ne na hannu da jiki, don haka yana cikin abin da annoba ke fara tsayarwa. Gaɓar da aka bari ta ƙage wata uku ba lallai ta sake miƙewa ba. Haka wanda ke shan maganin fizgar ƙafa irin su baklofen: yanke shi farat ɗaya don kemis a rufe yake haɗari ne mai zaman kansa. Ban ma taɓo wanda ya ji rauninsa a tsakiyar kullen ba, wanda kwanakin farko ke yanke hukuncin sauran rayuwarsa, aka rasa hanyar kai shi inda ake da hoton ƙashi da likitan laka, aka ƙare wajen mai ɗori.

Wanda ya yi sa'ar isa ƙofar asibiti kuma, can ma wata ƙura ce. Ku tuna da ma'aunin zafin nan da ake ɗora wa mutum a goshi. Mai lalurar laka ya saba da zazzaɓi, domin ciwon mafitsara ba ya nisa da shi. A kwanakin da kowa ke gudun mai zazzaɓi, sai a ɗauke shi mai korona, a ce ya tafi cibiyar killacewa ko ya jira gwaji, alhali ƙodarsa ce ke ci da wuta. Kuskuren kuma yana iya juyawa ta ɗaya ɓangaren. A 2020 likitoci a Italiya sun ba da rahoton wani mai raunin laka a wuya da ya zo da zazzaɓi, aka zaci ciwon mafitsara ne, ashe korona ce, kuma har aka gano bai yi tari ba. Dalili a fili yake: naman ƙirji da na ciki da muke tari da su sun raunana a jikinsa. Alamar da aka koya wa duniya ta nema ba ta fitowa a gare shi, majinar da tari zai fitar kuma tana taruwa a huhu. Cutar numfashi ta fi yi masa barazana fiye da ni da kai, kuma shi ne ya fi wuyar ganewa in ya kamu.

Shawarwarin da aka riƙa yi mana a rediyo ma ba da shi aka tsara su ba. An ce a ba da tazara, kada a taɓa juna. Mutumin da sai an juya shi, an yi masa wanka, an ɗaga shi an zaunar, da wa zai ba da tazarar? In mai jinyarsa ta kamu, ko ƙanensa da ke zuwa daga wata unguwa ya kasa ƙetare shinge, wa zai maye gurbi? An ce a yawaita wanke hannu, aka jera bokitai a ƙofofi, akasari daidai tsayin mai tsayuwa, alhali shi da hannun nan yake murza tayar kekensa a kan duk abin da ke ƙasa. Safar hannu da sinadarin goge hannu da yake saye shekara da shekaru don wanke ciwo, sai ga duk duniya ta afka musu, suka yi tsada. Abin sayen ma ya ƙafe, tunda ɗan'uwan da ke ɗauke da shi ɗan kasuwa ne ko lebura da sai ya fita yake samu. Masallatai a rufe, balle a tara masa wani abu bayan sallah. Shi kuwa tallafin abinci, kowa ya ga yadda rabonsa ya kasance: layi da turereniya, mai ƙarfi shi ke samu. A Oktoban 2020 kuma muka ga an farfasa rumbunan ajiya a Jos da Kaduna da Legas, kayan na nan jibge ba a raba ba.

Ba mu kaɗai abin ya sama ba. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙasashe 155 a watan Mayun 2020 ya nuna ayyukan farfaɗo da gaɓoɓi, irin su gashin ƙashi, sun samu tsaiko a kashi 63 cikin ɗari na ƙasashen. Wani binciken nata a ƙasashe 105 ya nuna kashi 90 cikin ɗari sun fuskanci cikas a muhimman ayyukan lafiya. A Turai masana sun ƙiyasta cewa har mutum miliyan 2.2 ne ke rasa irin wannan kulawa a kowace rana ta kulle. Sai dai a can an yi sauri an koma ganin likita ta bidiyo, ana aika wa mutum robobinsa har gida. Mu nan da ƙofar ta rufe, babu taga.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne maganin wannan matsala ba sabo ba ne, ba kuma mai tsada ba ne. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, kusan kashi 80 cikin ɗari na sojojin da suka ji rauni a laka sun mutu cikin 'yan makonni, mafi yawa saboda ciwon mafitsara da gyambo. A 1944 wani likita Bayahude da ya gudo daga Jamus, Ludwig Guttmann, ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila. Bai zo da wani maganin ɗinke laka ba, har gobe ba a samu wannan ba. Doka ya kafa ya tsaya a kanta: a juya majinyaci duk bayan awa biyu, dare da rana; a fitar masa da fitsari cikin tsabta; a motsa masa gaɓoɓi; a tashe shi ya yi sana'a, ya yi wasa. Mutanen da a da ake jira su mutu suka rayu shekaru masu yawa, suka yi aure, suka yi aiki. Wasan harbin kibiya da ya shirya musu a 1948 shi ne ya girma ya zama gasar nakasassu ta duniya, wadda 'yan Nijeriya ke ciwo zinare a cikinta wajen ɗaga ƙarfe. Ran mai lalurar laka yana rataye ne da ƙananan ayyuka da ake maimaitawa ba fashi. Duk abin da ya jawo fashin, ko da na mako biyu ne, to ya taɓa ransa.

Fashin kuwa zai sake zuwa, kada mu ruɗi kanmu don an ce korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya tun 5 ga Mayun 2023. Kwalara ta yi mana ɓarna a 2021. A shekarar ce likitoci masu neman ƙwarewa suka yi yajin aikin wata biyu, daga Agusta zuwa Oktoba. Mashaƙo ya cika gadajen asibitocin Kano da yara a 2023. Zazzaɓin Lassa da sanƙarau ba sa saɓa alkawari duk rani. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga har Asibitin Koyarwa na Maiduguri. Ga wanda robarsa ta toshe, annoba da yajin aiki da ambaliya duk sunansu ɗaya: babu mai dubawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka yanzu da ake zaune lafiya ne lokacin shiri.

Iyayenmu masu unguwanni da dagatai, ranku ya daɗe, da ku zan fara, tare da malamanmu limamai, domin ku kuka san gida-gida. Mun ga yadda kuka tsaya a kan rigakafin shan inna har aka ayyana Nijeriya ta rabu da ita a 2020, a tsakiyar annobar nan. Aikin da zan roƙe ku bai kai rabin wancan ba. Littafi guda ake buƙata a kowace unguwa: wane ne ke kwance da lalurar laka, wace irin roba yake amfani da ita kuma lamba nawa, wane magani yake sha, wa ke jinyarsa, wa zai karɓa in wannan ya faɗi, wace nas ko ma'aikacin lafiya ne ya fi kusa da gidan. A tambayi mai lalurar da iyalinsa tukuna, a kuma riƙe sirrinsu, domin littafin taimako ne, ba na tallata mutum ba. Ranar da aka sake kafa shinge, mai unguwa ya san wa zai rubuta wa takardar wucewa, matasan unguwa sun san ƙofar da za su kai rabo ba tare da an ce a fito layi ba. Malam, in ka hau mumbari kana kwaɗaitar da mu dubiya, ka ƙara mana da cewa dubiyar irin wannan majinyaci ba ta tsaya ga sannu da ledar lemo ba. A tambayi matar gidan yaushe rabonta da barcin awa biyar a jere, a karɓe ta juyin dare ko sau ɗaya a mako.

Su masu jinyar, akasari mata ne da iyaye mata da ƙanne, kuma su ne asibitin gaskiya na mai lalurar laka. Abin takaici, sau da yawa ana sallamo musu mutum da ledar magani da ranar dawowa kawai. Yayata, ƙanwata, kafin ki yarda a sallame ku, ki tsaya a nuna miki da hannu: yadda ake juya shi kai da kafaɗa da ƙugu su tafi tare, inda ake sa filo, yadda ake duba fatarsa safe da yamma, yadda ake riƙe jakar fitsari ƙasa da mafitsara, launin fitsarin da ke nuna matsala, da abin da za ki yi in kansa ya fara sarawa yana gumi. Haƙƙinki ne, ba roƙo ba ne. In kin koya, ki koya wa mutum biyu a gidan, maza su ma su shigo, domin ɗaga babban mutum ba aikin mace ɗaya ba ne. Gidan da ke da hali ya riƙa ajiye roba da jaka da safar hannu da bandeji na aƙalla wata guda gaba, a yi amfani da tsohon a maye da sabo. Duk tabon da kika gani bai washe ba bayan an ɗauke masa nauyi, kada ki jira ya buɗe, kada kuma a barbaɗa masa toka ko garin kafso.

Likitoci da nas-nas da likitocin fisiyo, mun san abin da kuka sha. Wasunku sun yi aiki babu isassun kayan kariya, wasu sun kamu, wasu sun rasu, Allah ya ji ƙansu. Ba ku muke tuhuma ba, tsarin muke so a gyara. Kowane asibiti da ke karɓar masu raunin laka ya rubuta tun yanzu cewa canjin robar fitsari da wankin gyambo da maganin mai lalurar laka suna cikin ayyukan da ba a rufewa, kowace irin annoba aka shiga. A ware lambar waya guda da mai jinya za ta kira, ta turo hoton ciwo ta WhatsApp, a ce mata wannan ki yi kaza a gida, wannan ku taho yanzu. A ba kowane majinyaci kati mai bayanin lalurarsa da Hausa da Turanci, ya nuna a shinge, ya nuna wa mai ma'aunin zafi a ƙofa. A kuma horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin mazaɓu su iya canza roba, don kada mutum ya yi tafiyar kilomita 100 saboda aikin minti goma.

Alhazan kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau, da attajiran Maraɗi da Damagaram, Allah ya ƙara arziki. Kun saba raba shinkafa da atamfa da azumi, Allah ya karɓa. Ku ƙara da katifar da ke hana gyambo, da matashin zama na keken guragu, da kwalin roba a ajiye a asibitin unguwa da sunan masu lalura. Hukumomin zakka da wakafi na Kano da Sakkwato da Zamfara su buɗe wa wannan babi nasa na dindindin. Keken da ake rabawa a gaban kyamara babu matashin kirki a kansa, wani lokacin shi ke haifar da gyambon.

Ita kuwa gwamnati, ba alfarma muke nema ba, doka ce ta riga ta sa wa hannu. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya rattaba hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara yadda mai keke zai shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ta ce a fara da su a layi, ta kuma ɗora wa gwamnati kare su a lokacin haɗari da gaggawa. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa ta kula da su, a 2022 kuma sabuwar dokar inshorar lafiya ta zo da asusun marasa galihu. Takardu dai sun cika. Ku je ku ƙirga matakalar da ke ƙofar asibitin garinku, ku leƙa banɗakinsa ku ga ko keke zai shiga, ku tambaya ko inshorar jiharku tana biyan roba da jakar fitsari. Duk kwamitin yaƙi da annoba da za a sake kafawa, a jiha ko a tarayya, a sa mai lalurar laka a kujera a cikinsa, da shi za a rubuta dokar kullen, kada sai ta fita a zo ana neman yi mata kwaskwarima.

Ku kuma 'yan'uwa masu lalurar, ku kuka fi kowa sanin inda ke yi muku ciwo, kuma muryarku ta fi tawa nauyi. Akwai ƙungiyar masu raunin laka ta ƙasa mai cibiya a Legas, akwai haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman da ke da rassa a jihohi. Ku shiga, inda babu reshe ku kafa, ko da zauren WhatsApp ne na mutum goma, wanda ya shekara goma a keke ya riƙe hannun wanda aka sallamo jiya. Ranar 5 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar masu raunin laka ta duniya. Kada ta wuce da tattaki da ɗaukar hoto. Mu raka ku, mu da 'yan jarida da ɗaliban koyon aikin lafiya, mu kai takarda ofishin kwamishinan lafiya na kowace jiha, mu nemi amsa a rubuce: in aka sake kulle gari gobe, ina mai lalurar laka zai canza robarsa, wace lamba zai kira, wa zai ba shi izinin wucewa? Amsar da aka bayar a karanta ta a gidajen rediyo da Hausa. Ofishin da ya yi shiru kuma a faɗi sunansa, a koma masa bayan wata guda.